Ɗalibi Mai Son Yawo da Rubuta Labarin Wurare: Daga Ina Zai Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a jami'a a nan Kano. Ina sha'awar in riƙa tafiye-tafiye lokacin hutu, ina rubuta labarin wuraren da ya kamata mutane su ziyarta, ina sakawa a intanet. Kuɗina kaɗan ne, iyayena kuma suna tsoron hanya. Ina ya kamata in fara zuwa, kuma yaya zan yi rubutun da mutane za su karanta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Abin da zan fara faɗa maka ba shi kake son ji ba: kada ka fita daga Kano tukuna.

Ɗalibai da dama sun zo mini da irin wannan magana, kuma kusan kowannensu idonsa na kan Yankari ko Agadas ko tsaunin Mambila, yana jiran ranar da kuɗi zai taru. Kuɗin ba ya taruwa, hutu ya ƙare, ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Wanda kuma Allah ya ba shi iko ya je, sai ya kwana ɗaya, ya cika waya da hotuna, ya dawo ya rubuta cewa wurin yana da kyau matuƙa, akwai ban sha'awa, kowa ya daure ya je ya gani. Mai karatu bai ƙaru da komai ba. Ka tuna wanda zai karanta ka mutum ne da zai iya ɗaukar kuɗin guminsa, ya kwashi iyalinsa, ya bi hanyar da ka kwatanta masa. Haƙƙinsa a kanka shi ne ka faɗa masa abin da idonka ya gani, ka ware masa shi daga abin da aka ba ka labari, sannan ka gaya masa wahalar zuwa da abin da zai kashe. Ba a koyon wannan a tafiyar kwana ɗaya zuwa wuri mai nisa. A wurin da za ka iya komawa gobe ka sake tambaya ake koyonsa, kai kuwa kana zaune a garin da mutane ke tasowa daga Turai da Amurka don su gani.

Ka hau adaidaita sahu ka sauka a Ƙofar Mata, ka shiga karofi. Kada ka fito da waya da isarka. Ka yi sallama, ka gaida marina, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka nemi wuri ka zauna. In ka yi haƙurin sa'a guda za ka ga abin da mai sauri ba ya gani. Marini na zaune a bakin rami, ya tsoma yadi cikin ruwan baba, ya juya shi, ya ɗago. Lokacin da yadin ya fito launinsa kore-kore ne, sai iska ta buge shi, a gaban idonka ya riƙa komawa shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, haka har launin ya kai yadda mai kaya ya nema, shi ya sa baƙin rini ya fi cin lokaci. Ka tambaye shi me ya zuba a ramin, zai lissafa maka baba da toka da sauran haɗi, ya gaya maka tsawon lokacin da ake barin ruwan ya tsima kafin a fara aiki da shi. Ka dubi hannunsa da faratansa. Ka ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka bushe shara ta cike su, da kanka za ka ƙirga, kada ka kwafi adadin da wani ya rubuta shekarun baya. Ka tambayi su waye ke yin ɗaurin zanen da ke fitar da ado a jikin yadi, za ka ji yawanci mata ne ke yi a gida, ga wani labarin nan da ba a cika rubutawa ba. Daga nan ka bi sautin bugu har wurin mabuga, inda ake shimfiɗa kaya a kan gungumen itace ana dukansa da manyan guduman katako har ya yi sheƙi.

Za a gaya maka an kafa karofin a 1498. Ka rubuta haka: ana cewa an kafa shi a 1498. Wannan 'yar kalmar ta "ana cewa" za ta yi maka aiki duk tsawon rayuwarka ta rubutu. Shekarar ta faɗo cikin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ake danganta Kasuwar Kurmi da gidan sarki na yanzu da shi. Gidan Makama, inda gidan tarihi yake, shi ma tushensa na wannan zamanin ne. Ka ga ke nan cikin tafiyar ƙafa ta yini guda kana da wurare huɗu da zare ɗaya ya ɗinke su. Ka ƙara da Dutsen Dala, amma ka hau da sassafe ko bayan la'asar, don rana ba ta da sauƙi a kansa. Daga sama za ka hango Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da yadda gari ya bazu. In ka sauko ka bi gefen badala, wadda tarihin Kano ya ce an fara gina ta zamanin Sarki Gijimasu tun ƙarni na 12. Inda ka ga ta zube, inda aka yanke ta aka yi shaguna, inda ake ɗibar ƙasarta, ka rubuta. Marubucin tafiya ba ɗan talla ba ne. In wuri ya lalace faɗin haka taimako ne ga wurin, muddin ka faɗa ba tare da zagi ko ɗora laifi a kan wanda ba ka da hujja a kansa ba.

In ka yi rubutu uku ko huɗu a kan cikin gari ka ji hannunka ya faɗa, sai ka faɗaɗa zuwa inda za a je a dawo a yini ɗaya, ko a kwana ɗaya wurin ɗan'uwa. Kura na nan kusa, garin da rawanin ɗan Kura mai ƙyalli da Buzaye ke so ya samo sunansa. Birnin Kudu a Jigawa akwai zane-zanen da mutanen zamanin da suka yi a jikin duwatsu. A Zariya akwai tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, wanda daga baya aka lulluɓe shi da sabon gini, sai ka shiga ciki kake ganin bakan gizon ƙasa da ya ɗaura. A Katsina akwai Hasumiyar Gobarau, da tsohuwar kwalejin horar da malamai da aka buɗe a farkon shekarun 1920, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Daura kuwa ina so ka je musamman, don can za ka gwada kanka. A rijiyar Kusugu za a ba ka labarin Bayajida: baƙo ya iso da dare, ya nemi ruwa, tsohuwa ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijiya, ya je ya sare kanta, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Ɗalibai kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu a nan. Wani ya rubuta labarin kamar yana tsaye a wurin ranar da abin ya faru. Wani kuma, don ya nuna ya shiga jami'a, ya yi wa labarin dariya ya ce ƙarya ce. Duka biyun ragwanci ne. Abin da ka gani da idonka shi ne rijiya a cikin ɗaki, da ruwa a cikinta, da mutanen da ke zuwa su sha su ɗiba a jarka su tafi da shi. Abin da ka ji shi ne labarin da mai kula da rijiyar ya ba ka, sai ka ce shi ya ba ka. Abin da masana tarihi suka daɗe suna muhawara a kai, wato ko labarin na nuni ne ga zuwan wasu baƙi da sauyin sarauta daga hannun mata zuwa maza, shi ma ka ba shi wurinsa. Mai karatu ba yaro ba ne, in ka jera masa ukun zai san yadda zai yi da su.

Yanzu maganar iyayenka. Suna da gaskiya, kada ka yi musu gardama. Ba zan lissafa maka hanyoyin da ke da lafiya ba, domin wadda take lafiya bana tana iya canzawa baɗi, wani lokacin ma cikin mako guda. Masu sanin halin hanya na yau su ne direbobin da ke bin ta kullum da mutanen garin da za ka. Ka je tasha tun ana gobe tafiya ka tambaya. Ka shiga mota a cikin tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ban da ta bakin titi ko da ta fi araha. Ka tashi da safe, ka tabbata magariba ta same ka a masauki. A gida a san motar da ka shiga da lambar wanda zai tarbe ka. Sannan ka je sashenku ka nemi takardar gabatarwa mai ɗauke da hatimi, ka haɗa da katin shaidarka na ɗalibi. A ƙauye, baƙo mai littafi da biro yana tambaye-tambaye abin zargi ne a wannan zamanin, don haka gidan mai unguwa ko dagaci za ka fara sauka ka nuna takardar, shi zai haɗa ka da wanda zai zaga da kai. Idan iyaye suka ga wannan tsari, suka kuma ga ka je Zariya ka dawo, ka je Daura ka dawo, da kansu za su sassauta. Ga 'yan'uwanka mata masu irin wannan sha'awa, tafiya cikin ayarin ɗalibai da malami, ko tare da muharrami, ita ta fi sauƙin samun amincewar gida, kuma suna da damar da kai ba ka da ita: suna shiga cikin gida wurin masu ɗaurin rini da masu saƙa da masu dafa abincin da kai sai dai a miƙo maka a zaure.

Akwai wuraren da sunansu ke da daɗin rubutawa amma ba na ba ɗalibi shawarar ya nufe su shi kaɗai. Sukur, a tsaunukan Mandara cikin ƙaramar hukumar Madagali ta Adamawa, shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999, amma 'yan Boko Haram sun kai masa hari a 2014, kuma yankin sai da ɗan gari. Dazuzzukan wajen Birnin Gwari ma haka. Kada kuma ka taɓa rubuta wa mutane cewa su je inda kai ba ka taka ba.

Yankari za ka je in sha Allahu, amma da dabara. Ku haɗu ku goma ko fiye 'yan ajinku ku yi karo-karo ku ɗauki bas, kuɗin mota da na ɗaki da na motar zagaya daji duk sai su rabu. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar shiga ta Mainamaji. An keɓe dajin tun 1956, kuma yana hannun gwamnatin jihar Bauchi tun 2006. Lokacin zuwa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi ke gangarowa kogin Gaji neman ruwa. Da damina daji ya rufe, sai ka zaga ka dawo ba ka ga abin kirki ba. Ko da ranin ma ganin giwa sa'a ce, in ba ka gan ta ba kada ka rubuta ka gani. Abin da ba ya saɓa alkawari shi ne ruwan Wikki, wanda ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse garau, ɗuminsa na tsaye wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Sai gwaggon biri, waɗanda suka saba da mutane har suna fizge leda a hannu suna shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Irin wannan gargaɗin ya fi wa mai iyali amfani a kan sakin layi uku na yabon kyawun daji.

Bukukuwa kuma ka yi hattara da kwanan watansu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Hawan Sallah na Kano, da UNESCO ta karɓa cikin jerin al'adun duniya a 2024, shi ma akwai shekarun da aka dakatar da shi. Saboda haka kada ka rubuta "ana yi duk shekara" sai ka ƙara da cewa a bincika kafin a taso. Haka Damagaram, wadda ta fi Abuja kusa da kai, ga fadar sarki ga tsohuwar unguwar Birni, kuma ita ce hedikwatar Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai. Hausa za ka yi da kowa a can, amma an rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023 kafin a sake buɗewa, don haka sai ka tambayi ofishin shige da fice takardun da ake nema a lokacin da za ka tafi.

Rubutun kansa ba a tebur yake farawa ba. Ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu, waya caji kan ƙare mata. Duk abin da ka biya ka rubuta nan take: kuɗin mota daga wace tasha, ƙarfe nawa ta cika ta tashi, ƙarfe nawa kuka isa, kuɗin shiga, kuɗin abinci, tukuicin ɗan rakiya. A jikin kowane farashi ka saka wata da shekara, don yadda kaya ke tashi yanzu, farashin da ba kwanan wata yaudara ne. Ka lura da abin da masu ziyara ke buƙata amma suke jin nauyin tambaya: akwai ban ɗaki mai tsabta, akwai wurin salla, tsoho mai ciwon gwiwa zai iya hawa, akwai inuwar da za a zaunar da yara? Da daddare kafin ka kwanta ka zauna ka rubuta duk abin da ka tuna, ko da a hargitse ne. In ka bari sai ka koma makaranta, abin da zai rage a kanka shi ne abin da ke cikin hotuna kawai, warin ruwan baba da maganar da tsoho ya yi maka a bakin rijiya duk sun tafi.

In ka zo tsarawa, ka yi yaƙi da kalmomin nan: "mai ban sha'awa", "mai ɗimbin tarihi", "gagarumi", "abin alfahari". Duk inda ɗaya ta fito ka tsaya ka tambayi kanka me ka gani har ka faɗi haka, sai ka goge ta ka rubuta abin da ka ganin. Maimakon "Kasuwar Kurmi tana da ɗimbin tarihi da kayayyaki iri-iri", ka ce lungunta ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, in mai baro ya taho sai ka raɓe a rumfar dukawa, inda warin jima ke tarbarka kafin ka ga fatun. Rubutu ɗaya, wuri ɗaya. Kada ka fara da tarihin kafuwar gari tun daga Bagauda, ka fara da abin da ya fi tsaya maka a rai, tarihin ya shigo inda ake buƙatarsa. Shekara ko sunan sarki kuwa kada ka ɗauko daga saƙon WhatsApp. Kana da ɗakin karatu a makaranta, kana da malaman sashen tarihi, ga kuma Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama a gari.

Da Hausa nake so ka rubuta, ka kuma saka ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ yadda ya kamata. Masu rubuta wuraren Arewa da Turanci suna da yawa, mai neman bayani da Hausa kuwa kusan ba ya samun komai sai guntayen bidiyo. Kuma ba kai ne farau ba. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya yi wa Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, hidima ya bi shi Turai a 1855, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta, har yadda Turawa ke zaman cin abinci sai da ya bayyana. Abubakar Imam ma da ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma a 1943, ya dawo ya rubuta wa Hausawa abin da ya gano. Ka neme su a ɗakin karatu ka ga irin abubuwan da suka tsaya suka lura da su.

Hoto sai da izini, musamman na mata da yara da masu sana'a a bakin aikinsu. Shingen jami'an tsaro da bariki kada ma ka ɗaga waya. A Hubbaren Shehu a Sakkwato da sauran wurare irinsa mutane ziyara suka zo yi, ka cire takalmi, ka rage murya, ka tambayi masu kula da wurin abin da aka yarda da shi. Wanda ya ba ka labari ka tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa, in ya ce a'a ka ce "wani dattijo a unguwar" ya wadatar. Wanda ya bar aikinsa ya zaga da kai ka ba shi tukuici gwargwadon ƙarfinka, in kuma abin sayarwa yake yi ka sayi ko ɗan ƙarami ne. Bayan rubutun ya fita ka koma ka nuna musu, ko ka karanta musu. A nan za a gyara maka sunan da ka rubuta ba daidai ba, kuma a nan ake buɗe maka ƙofar da ba a buɗe ba a zuwan farko.

Maganar kuɗi: kada ka sa rai rubutun zai biya maka ko kuɗin mota a shekarar farko, kuma kada ka taɓa kuɗin rajista ko ka bar lacca saboda tafiya. Ka fara sakawa a Facebook ko wani shafi naka, ka riƙe lokaci ɗaya, ko sau biyu a wata ne. In sun taru sun kai goma masu kyau, ka zaɓi biyu ka aika wa editocin jaridun Hausa irin su Aminiya ko Leadership Hausa, ko ka kai gidan rediyo. Wata rana mai otal ko mai gidan abinci zai ce ka zo ka kwana ko ka ci kyauta ka rubuta. Ba laifi ka karɓa, amma ka faɗa a farkon rubutun cewa kyauta aka ba ka, kuma ka gaya wa mai wurin tun kafin ka zo cewa in famfo ba ya kawo ruwa za ka rubuta.